Jinin da aka ƙi karɓa

Ƙanwata ta haihu ta zubar da jini, aka ce dangi su kawo masu bayarwa. Ni ne babban wa, ni na fara naɗe hannun riga, ina taƙamar ban taɓa kwana a gadon asibiti ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗebi kaɗan ya shige ciki. Da ya fito sai ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba za mu ɗauki naka ba. An ga ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ga takarda, ka ga likita."

Nan na baje kolin wayona. Na ce ai na san dabarar, a ƙi jinin dangi don mu sayi na 'yan kasuwa. Idona fari tas, fitsarina lafiya, ina shawarar take? Har murya na ɗaga wa bawan Allah. Takardar kuwa a aljihu ta kwana, aka wanke ta tare da rigar. Na sayi jiƙon shawara na sha, na ce magana ta ƙare.

Bayan shekaru matata ta je awon ciki, aka same ta da ƙwayar, aka ce ta zo da mijinta. Likita ta ɗago ta tambaye ni, "Ka taɓa yin wannan gwajin?" Wallahi ƙarya ce ta fara zuwa bakina. Matata na gefena tana jira. Na buɗe baki na rufe, sannan na ce, "An taɓa faɗa mini." Ba wanda ya yi mini faɗa, da ma an yi ya fi sauƙi. Likita ta ce ba mai iya cewa wa ya sa wa wani, domin da yawa tun suna jarirai suke ɗauka. Sai ta tambayi yaran da muka haifa a tsakani. A gida aka haife su, ba wanda aka yi wa allurar rigakafin ciwon hanta ta ranar haihuwa. Jaririn da ya kamu, kusan 90 cikin 100 ƙwayar takan zauna masa har girma.

Ashe korar da aka yi mini ba baƙon abu ba ce a ɗakin ɗibar jini. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar, akasarinsu ba wata alama, tana iya cin hanta a ɓoye. Kai mai karatu da kake jin ƙarfinka, ni ma haka nake ji a lokacin.

Yanzu ina zuwa a duba hantata, an gwada yaran. In aka ƙi jininka, ka je wurin likita da iyalinka gaba ɗaya. In kuma an yi maka haihuwa, a kai jaririn rigakafi cikin awa 24 na farko, kyauta ake yi a asibitin gwamnati.