Gammon Tanderun Gidanmu

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ina riƙe da alli. A cikinsu babu shekarar da ban tsaya gaban ɗalibai na kunna kyandir, na kifa masa kofin gilashi, muka zuba ido har ya mutu ba. Sai in juya ga allo in rubuta cewa wuta ba ta ci sai da iska, kuma kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne oksijin da wutar ke buƙata. Haka aka koya mana a makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi, kuma daidai aka koya mana. Amma a watan Fabrairun 2025 darasin nan ya biyo ni har tsakar gidana a Gidan Amumune, na dube shi ido da ido ban gane shi ba.

Uwargidana tana gasa gurasa. Ta koyo sana'ar a wurin gwaggonta da ta yi aure a Kano. Tanderunta babbar randa ce ta yumɓu, an kafa ta a ƙasa, an lulluɓe jikinta da laka mai kauri, an bar ƴar kafa a gindi don shigar iska, sama kuma akwai murfi na kasko. Ana zuba kara a kunna, idan bangon ciki ya ɗauki zafi, wuta ta koma garwashi, sai a manna ƙullu a jikin bangon, a toshe kafar, a rufe. Ranar da muka yi baƙo, cikinsa ake gasa zabo, ya fito nama na rabuwa da ƙashi. Da kuɗin gurasar nan ake sayen littafin rubutu da bik da sabulu a watannin da albashi ya ƙare kafin wata ya ƙare. Malamai ƴan'uwana sun san irin watannin da nake nufi.

Tun cikin sanyi gurasar ta fara ba da matsala. Gefe ɗaya ya ƙone, ɗaya gefen ya fito da ɗanyen ƙullu a ciki. Damin kara ɗaya da yake isar gashin safe ya koma biyu. Na ce fulawa ce aka canza. Da aka sayo wata, na ce yis ne ya kwana biyu. Daga ƙarshe na faɗi maganar da har yau nake jin kunyarta, na ce mata ko dai hannunta ne ya fara mantuwa. Ba ta ce mini komai ba. Ta ɗauki faifai ta ci gaba da fifita wuta.

Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da dami biyu ke nufi a watan Fabrairu. Da kaka kara ko'ina yake. Amma da rani ya kama, mai gona ya kwashe nasa ya ɗora bisa itace don dabbobi, wanda ya rage kuma ya zama abin sayarwa. Icce ma ba a sararsa yadda aka ga dama. Tun 1983 da aka fara sassabin zamani a jihar Maraɗi, manoma suka koyi barin tohon sabara da kalgo da gawo su girma a gona, kuma kowane icce yanzu da mai shi. Alheri ne babba ga ƙasa, amma mai neman makamashi sai ya yi nisa. A gidanmu mai yin nisan nan ita ce ɗiyata ta uku, wadda ke ajin CM2, shekarar da za ta nemi shiga kwaleji.

Ban lura ba. Ni nakan fita da sassafe in buɗe ajina. Abokin aikina mai riƙe da ajinsu ne ya ja ni gefe a lokacin hutun tara, ya ce: "Malam, ka yi mini haƙuri, yarinyar nan kwana tara a cikin wata guda tana shigowa bayan mun gama lissafi. Na tambaye ta, ta ce icce." Ni da nake kiran iyaye in yi musu nasiha kan makarar ƴaƴansu, yau ga ni tsaye ana faɗa mini. Na koma gida da shawarar da malami ke yankewa idan ya ji kunya: za a fasa tanderun a sayo sabo, ko da bashi.

Uwargida ta ce in bari a kira wadda ta gina shi tukuna. Tsohuwa ce maginiyar tukwane daga wani ƙauye kusa da mu, ba ta taɓa zama a aji ba. Ta zo da hantsi ana cikin gashi. Ba ta leƙa ciki ba, ba ta taɓa ƙullu ba. Ta tsoma hannu a ruwa, ta zagaya bakin tanderun da bayan hannunta, daidai inda murfi ya haɗu da baki, ba tare da ta taɓa ba. A wuri uku ta janye hannun da sauri.

Ta ce: "Malam, kawo hannunka nan."

Na miƙa. Wani siririn zafi ya soke ni kamar allura.

Ta ce: "Randarka lafiya lau take, ɗan nan. Gammonta ne ya mutu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Abin da take kira gammo wani zobe ne na laka, kaurinsa bai fi yatsa biyu ba, da ake ɗorawa a leɓen tanderu don murfi ya zauna a kansa ba tare da kafa ba. Aikinsa ɗaya da liƙin da bakanike ke sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shekara huɗu ana ɗaga murfi ana mayarwa, zafi da sanyi suna juya shi, ya tsattsage, wani wurin ma ya zube. Kullum ina wucewa ta gabansa.

A nan ne darasin kyandir ya dawo mini. Iska mai zafi sama take yi. Idan ta samu kafa a bakin murfi sai ta fice, kuma duk wadda ta fice sai wata sabuwa ta shigo ta gindi ta maye gurbinta, ko da an toshe kafar da tsumma. Sabuwar iskar nan tana hura garwashi, ya ci da sauri ya zama toka. Gefen da iskar ke bi ya yi zafi fiye da kima, sauran bangon ya huce. Tururin da ya kamata ya tsaya ya nunar da cikin gurasa shi ma ya bi ta kafar ya tafi. Ga ƙuna, ga ɗanye, ga dami biyu, duk daga tsaga uku da ba su kai faɗin farce ba.

Na ce to a shafe wurin da siminti, a huta. Ta yi dariya ta ce siminti ba ya shiri da wuta, kafin azumi ya raba zai fashe, ya tafi da leɓen randar. Na ce robar taya fa? Ta ce in ina so yara su ci gurasa mai warin hayaƙin roba, bismilla. Na yi shiru na zama ɗalibi.

Ga yadda ta yi, don mai irin wannan tanderu ko murhu ya amfana. Ta hana a hura wuta har kwana ɗaya, sai da randar ta huce sarai. Ta sa tsohuwar wuƙa ta kankare tsohon gammon gaba ɗaya, har wuraren da suke kama da masu lafiya, domin a cewarta sabuwar laka ba ta kama tsohuwa. Ta share da tsintsiya, ta goge baƙin hayaƙi da maiƙo, ta yayyafa ruwa. Lakar kuwa tun jiya ta kwaɓa ta: yumɓu, da ƙaiƙayin gero, da busasshen kashin jaki, da garin fasasshiyar tukunya da ta daka a turmi. Ta bar ta ta kwana a rufe. Yumɓu zalla yana tsukewa idan ya bushe, shi ya sa yake tsagewa. Ƙaiƙayi da kashin jaki suna riƙe shi kamar zare a tufa, garin tukunya kuwa ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa.

Ta murza lakar ta yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a leɓen tana dannawa a hankali, ba ta ja ba. Ta ce wanda ya ja, wurin zai sirance, nan zai fara tsagewa. Inda bakin biyu suka haɗu ta ɗora ɗaya kan ɗaya ta shafe. Ta barbaɗa toka a kai don kada murfi ya manne, ta ɗora murfin ta danna shi da tafin hannu biyu har ya yi wa kansa mazauni. Sannan ta karce alama a murfi da jikin tanderu, ta ce kullum alamar nan ta dubi ƴar'uwarta, domin murfin hannu ba ya zama daidai ta kowace fuska.

Sai abin da ya fi yi mini wuya: jira. Kwana uku a inuwa, an rufa buhu, babu gashi, babu ciniki. A rana ta huɗu aka hura ƴar wuta ta kara biyar ko shida, aka bari ta mutu, washegari aka ƙara. Ita ta ce laka mai ruwa a ciki ba ta son a yi mata gaggawa. Ni kuma na san dalilin daga littafi: ruwa idan ya kai digiri 100 ya zama tururi, girmansa yana ninkuwa kusan sau 1,700, idan bai samu hanya ba sai ya fasa abin da ya tsare shi. Ita tana da aikin, ni ina da lissafin, kuma shekara da shekaru muna ƙasa ɗaya ba mu taɓa haɗa su ba. Ladanta jika ɗaya da tiyar gero.

Da na ba wani ƙanena da ke aiki a Yamai labarin, sai ya turo mini bidiyo ta WhatsApp. Wani Ba'amurke ne yake gyaran murhun gashin nama na tangaran mai siffar ƙwai. Irin murhun nan ana kiransa kamado, sunan daga Japan ya fito, kuma wani kamfani mai suna Big Green Egg ya fara sayar da shi a birnin Atlanta a 1974. Kuɗinsa ya fi albashina na watanni. Amma shi ma rayuwarsa tana rataye ne a kan wani siririn ƙyalle mai jure zafi da ake mannawa a leɓen murfi. Na ga mutumin ya kankare tsohon, ya goge maiƙo, ya shimfiɗa sabon ba tare da ya ja shi ba, ya rufe ya bar shi ya kwana, ya ce wutar farko ta zama kaɗan. Na kira uwargida muka kalla tare. Ta ce: "Ashe Iya ta je Amurka ba mu sani ba." Abu ɗaya na ɗauka daga wurinsa: yakan sa takardar kuɗi tsakanin murfi da baki ya ja, inda ta zare ba tare da turjiya ba, nan kafa take. Ni da takardar littafin rubutu nake yi, idan tanderu ya huce.

Azumi ya kama, dami ɗaya ya koma isar gashi. Yarinya ta daina makara. Na sami uwargida na ce mata maganar da na yi kan hannunta kuskure ce, ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, amma ta ji daɗi da na faɗa.

Mako na gaba na sake darasin kyandir, sai dai na ƙara abu ɗaya. Na kunna biyu, na kifa wa kowanne kofi, amma na sa tsinken ashana biyu a ƙarƙashin bakin kofi na biyu. Na farko ya mutu, na biyu ya ɗan daɗe yana ci. Na tambaya: a gidajenku ina ake toshe kafa don kada zafi ya gudu? Wadda ta fara ɗaga hannu yarinya ce da ke maimaita aji, wadda na saba ganin kanta a sunkuye. Ta ce idan innarta za ta yi dambu, takan jiƙa tsumma da kuka ta naɗe tsakanin tukunya da madambaci, in ba haka ba dambun ba ya nuna. Wani ya ce babansa yana rufe ramin gawayi da ƙasa, inda hayaƙi ya fito da yawa ya ƙara toshewa. Aji ya rikice da hannuwa. Na kuma ja musu kunne kan abu ɗaya: tanderu ake liƙewa, ɗaki ba a liƙe shi. Garwashi a ɗakin da aka toshe lokacin sanyi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.

Ga malamai ƴan'uwana, muna da awannin aikin hannu na APP a jadawali, kuma sau da yawa shara da ɗibar ruwa muke mayar da su. A kowane gari akwai maginiya, da maƙeri, da mai gyaran famfo. A gayyato ɗaya ya yi aikinsa a gaban yara, mu kuma mu tsaya gefe mu ba da dalilin. Ga iyaye kuma, idan za a yi gyara a gida, kada a kori yara a ce su ba da wuri. A bar su su riƙe wuƙar kankara, su kwaɓa laka, su ƙirga kwanakin jira. Idan kuma kuka ga icce ko ruwa ko gawayi ya fara ƙarewa da wuri fiye da da, ku tambayi kanku wane ne a gidan yake biyan bambancin. A nawa gidan yarinya ce ƴar shekara goma sha biyu take biya da darasin lissafi, ni kuma ina can ina koya wa ƴaƴan wasu yadda wuta ke cin iska.

Iya ta ce gammon nan zai kai shekara biyu ko uku idan ana ɗaga murfi a hankali. Na rubuta ranar a bayan littafin shirin darasina. Na gaba, in Allah ya kai mu, ni da yarinyar za mu yi shi, Iya ta zauna a tabarma ta gyara mana.