Kwanan Daji A Ƙasar Gombe: Shawara Ga Sabon Matafiyi

Duk wanda ya tsaya a bakin garin Gombe ta gabas, ya ɗaga kai, idonsa zai sauka a kan Dutsen Liji. In ya miƙe hanya kimanin kilomita 40, zai isa Dadin Kowa, inda aka datse kogin Gongola, Dutsen Bima kuwa yana can tsaye a gefe. Dutse ne mai tarihi, domin a shekarar 1903 jama'a masu yawa sun nufo wannan yanki tare da Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya rasu a yaƙin Burmi cikin watan Yuli na shekarar. Ta kudu kuma, in an wuce Kumo da Billiri, sai Kaltungo da Dutsen Kilang, sa'an nan tudun Tula mai sanyi da tsohon kurkukunsa na zamanin Turawa.

Ba abin mamaki ba ne samari da ɗalibai su yi sha'awar saɓa jaka a baya, su taka waɗannan wurare da ƙafa, su kwana a can. To, amma fa tafiyar rana daban, kwanan daji daban. Sabon shiga yakan zuba kuɗinsa duka a kan tanti mai kyan launi, watau yana tsoron abin da zai faɗo masa daga sama. Alhali kuwa a ƙasar Gombe, mafi yawan abin da ke cutar da mai kwanan waje daga ƙasa yake fitowa.

Na farkonsu ita ce kububuwa. Wannan 'yar macijiya ba ta cika wuce tsawon kamu ɗaya ba, launinta kuma ya saje da ƙasa da tsakuwa, ga ta da yawo da almuru da dare. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi. Yawanta a wajen Kaltungo ne ya sa aka keɓe asibiti guda a garin domin masu saran maciji, kuma a nan aka gwada maganin nan EchiTAb. Bayan kububuwa ga kunama, ga cinnaka. Saboda haka abin da mai saye zai fara dubawa a jikin tanti shi ne gindinsa: ya kasance ɗinke yake da bango, ba shimfiɗa ce dabam ba. Na biyu zif. A ja shi sama da ƙasa sau da yawa a gaban mai kaya, in yana cijewa a bar masa abinsa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da dare a shigar da takalmi ciki, da safe a kakkaɓe shi kafin a sa, kada kuma a fita ko da taku biyu ba tocila. In tsautsayi ya auku, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A ɗauki mutum zuwa asibiti nan take.

Sai maganar sauro, musamman ga mai kwana kusa da ruwan Dadin Kowa. Tantin da ya fi dacewa shi ne mai riɓi biyu: na ciki raga ce kamar gidan sauro, na waje kuma rufin da ke tare ruwa. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, zafi yakan kai awo 40, tanti mai riɓi ɗaya kuwa tanderu ne. Mai riɓi biyu sai a yaye na wajen, iska ta ratsa, sauro ya tsaya a waje. Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya karaya. Tampol ɗaya a sama, wani a ƙasa, da igiya, da gidan sauro mai magani da aka cusa bakinsa a ƙarƙashin shimfiɗa ko'ina, sun isa kwanan rani, ko da yake ba su kai tanti tsaro ba. Tela mai ɗinkin tampol a kasuwar Gombe zai iya sa masa zobba a kusurwoyi.

Game da shimfiɗa, mutane da yawa ba su san ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki ba. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, wanda ya lulluɓa da bargo biyu a kan ƙasa tsura zai kwana yana makyarkyata, na kusa da shi mai bargo ɗaya da shimfiɗar soso yana ta minshari. Makiyayan da ke ratsa wannan ƙasa sun daɗe da gane haka, shi ya sa ba sa rabuwa da tabarma ko buzu. Siririn soso mai naɗuwa ya fi katifar da ake hurawa, domin ƙaya ɗaya ta aduwa ko ƙarangiya ta isa ta sace mata iska. Bargon nan mai kamar buhu, wanda mutum ke shiga ya ja zif, a nemi mara nauyi. Masu kauri da ake samu a gwanjo don ƙanƙarar Turai aka yi su, ba don Tula ba. Da zafi kuwa mayafin auduga ya wadatar.

Kome za a saya, a tuna da wuya da kafaɗa za a ɗauka. Masana tafiyar ƙasa suna cewa kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, ruwan sha kuma kowace lita kilo guda ce. Kafin a bar gida, a kafa tantin a tsakar gida, a watsa masa ruwa, a kwana ciki dare ɗaya. Ɓarakar da aka gano a Jekadafari ko Pantami allura ce maganinta. Wadda aka gano a kan dutse da tsakar dare sai haƙuri.

Zaɓen wuri ma rabin aiki ne. A sauka tun rana tana da saura. A guji gindin suri, da tarin duwatsu, da doguwar ciyawa. Mutanen Gombe sun san halin kwari: yashin rafin da ya bushe yana da taushin kwanciya, amma da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan da aka yi a can nesa yakan taho da dare ba sallama.

Daga ƙarshe, kada a kafa turke a ƙasar mutane ba tare da an gaida mai gari ba. A wannan zamani baƙon da aka gani da tanti a bayan gari abin zargi ne, 'yan banga kuma ba su san ɗalibi daga nesa ba. Mai gari zai faɗi inda macizai suka yi yawa da inda ruwa ke bi, wataƙila ya haɗa baƙo da ɗan rakiya. Sau da yawa ma zai ce a shimfiɗa a zaurensa. Wanda aka yi wa wannan tayi ya karɓa da godiya, ya bar tantin a naɗe sai daren da ba gari kusa.