Darasin Azumi a Fadamar Haɗeja

A shekarar 2025 azuminmu na Katolika ya haɗu da na Ramadan. Musulmi sun riga mu da 'yan kwanaki, mu kuma muka shafa toka ranar Laraba, 5 ga Maris. Cikin wannan azumin ne aka tura ni Haɗeja in zauna da matasan ajin katekizim. Jigawa tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano, wanda Bishop John Namaza Niyiring yake riƙe da shi tun 2008, don haka katekis irina daga Sabon Garin Kano ba baƙo ba ne a can. Darasin da aka ɗora mini shi ne fifita bangaskiya a kan abin duniya.

Na shiga mota a 'Yankaba da sassafe. Muka wuce Gezawa, muka tsaya Gujungu direba ya ƙara fasinja, sannan muka miƙa gabas. Ƙasa ta bushe ƙayau, sai kuka da karan dawa a gonaki. Da muka kusanci kogi sai ido ya huta: alkama ta fara nuna, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ga albasa da tumatir a gefe.

Yaran da na tarar 'ya'yan 'yan kasuwa ne da malamai da 'yan sanda. Iyayen wasu daga ƙasar Ibo suke, na wasu daga kudancin Kaduna, amma Hausar bakinsu ta Haɗeja ce. Na fara da misalin da ke cikin Bisharar Luka, babi na 12, na mai arzikin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, ashe a daren zai mutu. Ban kai ƙarshe ba wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Baba Katekis, mu da ko rumbun ba mu da shi fa? Addu'a ba ta biyan kuɗin jarrabawa."

Aji ya kwashe da dariya, amma maganarta tana da nauyi. Waɗannan yara sun ga buhun shinkafa ya ninka kuɗinsa a gaban idonsu. A wayoyinsu kuma kullum ana nuna musu sa'o'insu da suka yi kuɗi dare ɗaya ta cacar ƙwallo ko damfarar intanet. Wanda ya ce musu kuɗi ba kome ba ne, ƙarya ya yi musu, kuma sun sani. Na ce mata: "'Yata, Ikilisiya ba ta yabon yunwa, da tana yabonta da ba ta gina makarantu da asibitoci ba. Gobe ku zo da wuri, kasuwa za mu."

Kasuwar kifi ta Haɗeja tun daga nesa hanci yake sanar da kai ka iso. Banda ce tuli: tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, ana shirya su cikin kwalaye ana lodin motocin da za su kudu. Muka durƙusa muka gaida wani dattijo dillali, na ce masa ɗalibaina ne. Wani yaro ya tambaye shi yadda yake sakin kaya mai yawa haka ga mutumin da ke wata jiha.

"Samari," in ji shi, "wani abokin cinikin ban taɓa ganin gidansa ba. Ya bugo waya, na ɗora, in ya sayar ya turo. Ran da na cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwali na rufe da mai kyau, na ci ribar rana ɗaya, na kashe kasuwar 'ya'yana."

Yana azumi, bakinsa a bushe, bai daɗa kome a kai ba. Ni ma ban daɗa ba.

A hanyar komawa muka bi ta ƙofar fada. Duk yaron da ya tashi a garin ya san labarin Sarki Muhammadu, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a watan Afrilun 1906, aka kashe shi tare da mutanensa da dama, har yau ana kiransa Mai Shahada. Na ce musu mu ma muna da irin wannan a tarihinmu: Waliyyi Lawrence, dikon na birnin Rum, wanda a shekarar 258 hukuma ta ce ya kawo dukiyar Ikilisiya, sai ya tara matalauta da guragu ya gabatar da su, aka kashe shi. Addini daban, zamani daban, amma kowannensu yana da abin da ba ya sayarwa.

Washegari muka nufi fadama wajen Kirikasamma, inda dausayin Baturiya yake. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma tsuntsaye daga Turai suna zuwa cin rani a cikinsa. Nan arziki a hannun ruwa yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa da janyewarsa suka sauya. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu wawushe shinkafa. Mai kwalekwalen da ya tsallakar da mu ya nuna mana da gora inda ambaliyar 2022 ta kai a jikin wata bishiya.

"Malam, a wannan shekarar mai rumbu goma da mai ɗaya tabarma guda muka kwana a kai a makaranta. Da ruwa ya janye, wanda aka sani da biyan bashi shi aka ba iri. Wanda ya saba cin amana, ko kwano ɗaya bai samu ba."

Yarinyar nan mai tambaya ta dube ni ta ce: "To ai wannan ma dabarar neman kuɗi ce, Baba Katekis." Na ce mata wani lokacin haka ne, gaskiya takan biya mai ita tun a duniya. Amma akwai ranar da ba za ta biya ba, ranar da mai satar amsa zai ci jarrabawa ke ki faɗi, ranar da ɗan damfara zai sayi mota ke kina tafiya a ƙasa. Ranar ce ake gane ko bangaskiya ce ko lissafi. Arziki rigar ƙaya ne. A nema, a yi gumi, amma a san abin da ba za a bayar a musanya da shi ba.

Kafin in kama hanyar Kano muka yi shawarar sadakar azumi. Su da kansu suka yanke cewa kowa zai riƙa rage kuɗin data yana jefawa a asusu har Ista, a sayi hatsi a kai wa zawarawan unguwa, Kirista da Musulmi. Wani yaro ya ce a ba shi riƙon asusun. Sauran suka yi masa ca, suka ce sai ya goge manhajar caca daga wayarsa tukuna. Ya yi ta gardama, har na tafi ba su gama ba. Amma na ji daɗin sharaɗin, domin ba ni na gindaya shi ba.