Daren da Muka Kwana a Suzdal



A bas muka shiga Suzdal daga birnin Vladimir, don jirgin ƙasa ba ya zuwa garin. Tsohon gari ne a Rasha, ya cika shekara 1000 a 2024, amma mazaunansa ba su kai 10,000 ba. Mun riƙo littafi da biro, da zaton za mu cika shi da labarin shagalin dare.

Rana na faɗuwa, akasarin masu yawon buɗe ido suka kama hanyar Mosko. Masu sayar da kokwamba da giyar zuma a bakin tsohuwar kasuwa suka tattara kayansu. Gari ya yi tsit. Ranmu ya ɓaci, muna ganin mun yi asarar kuɗin mota.

Sai muka gangara bakin kogin Kamenka. Wani tsoho da matarsa suna taka gadar katako a hankali, inuwar hasumiyoyin coci tana rawa cikin ruwa, kare na haushi daga nesa.

Nan muka gane matsalarmu: mun saba sai an yi ihu muke ɗaukar biro. Daren nan shafi huɗu muka cika.

Ku fa, yaushe rabonku da sauraren unguwarku bayan kowa ya shige gida?