Ranar Da Faranti Ya Sauka

Yau labarin gidanmu na kawo muku, don na san a cikinku akwai masu 'yar sana'a a hannu, kuma wataƙila wani ya tsira daga ramin da na faɗa.

Bayan Yayata ta fita takaba, sai ta dawo gidanmu da ke Gidan Igwai a birnin Sakkwato, ita da 'ya'yanta uku. Allah Ya ba ta hannun girki, musamman kayan gara: alkaki, dubulan, nakiya da cincin. Da wannan sana'ar ta riƙe marayunta. Sai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babbar ɗiyarta, yarinya 'yar shekara 11, ita ke ɗaukar faranti ta zaga unguwa. Ranar da kaya suka yi kwantai, makaranta ce ke biyan bashin.

Ana gab da azumin 2022 na zauna da Yaya na ce mata akwai tallar da ba ta buƙatar ƙafa. Na yi mata bayanin cewa tun 2007 Facebook ya buɗe wa 'yan kasuwa hanyar biyan kuɗi a nuna hajarsu, kuma tunda kamfanin ya sayi WhatsApp a 2014, yanzu mai saye zai iya latsa talla ya faɗo kai tsaye cikin wayarta. Ta dube ni ta ce, "Kai dai da wanga waya taka! To nawa za a ba su?" Daga ƙarshe ta kwance bakin zane ta ƙirgo mini naira 10,000 daga kuɗin adashenta.

Ni kuwa da ɗokin ɗan koyo, sai na ɗauko hoton dubulan mai sheƙi wanda ba nata ba, na rubuta 'yan kalmomi da Turanci, na zaɓi Nijeriya gaba ɗaya, maza da mata, na ce a samo mini masu nuna sha'awa. Ban ma lura ba cewa tun watan Janairu na shekarar an fara ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tallar, sai da na ga rasit. Cikin kwana 4 kuɗi suka ƙare. Masu ɗaga babban yatsa sun yi yawa har na riƙa nuna wa abokai, wani daga Legas, wani daga Fatakwal, wani yana tambaya ko wannan abincin Indiya ne. Amma ko ƙwayar alkaki ɗaya ba a saya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ba komi, ba rabonmu ba ne." Washegari da sassafe na ga yarinyar nan ta ɗora gammo, ta wuce ta gabana tana cewa, "Kawu, ina kwana?" Wallahi na kasa haɗa ido da ita.

Daren nan na zauna na yi wa abin karatun ta-natsu, sai na gane laifin nawa ne. Ashe tallar gwanjo ce: duk lokacin da mutum ya buɗe wayarsa, masu talla da yawa ne ke takarar idonsa, kuma ana duba kuɗin da ka sa, da kyan tallarka, da yiwuwar mutumin ya aikata abin da ka nema. To ni me na nema? Yabo. Na'ura kuwa ba ta san kara ba, abin da ka aike ta shi take kawo maka. Sai ta je ta tattaro mini mutanen da yabo ba ya yi musu wuya, ko da suna nesa da mu da tafiyar kwana guda. Yarinya mai faranti ta fi ni dabara, don ita ta san gidan da ake shirin biki, ta san gidan da ba a saye.

A goman tsakiya na azumi na sake gwadawa, wannan karon da kuɗina, kuma kaɗan-kaɗan kullum. Na ɗauki hoton alkakin Yaya a cikin fantekarta, da hasken safiya. Na yi rubutu da Hausa, na faɗi farashi ƙarara, na ce sai kaya sun iso hannu a biya. Na kafa alama a kan taswirar Sakkwato na taƙaita da'irar ga cikin gari, na zaɓi mata manya, na kuma ce saƙon WhatsApp nake so.

Saƙo na farko daga Arkilla ya zo, wata baiwar Allah mai aurar da ɗiya bayan Sallah. Ta sa aka kai mata ɗanɗano a kan kabu-kabu, ta ci, ta yi odar gara sukutum. Daga nan sai Mabera, sai Runjin Sambo. Ba duk mai tambaya ke saye ba, wasu su sha maka kai da ciniki su ɓace, wanda kuma aka yi jinkirin ba shi amsa ya tafi wani wuri. Amma da muka zauna lissafi bayan Sallah, muka cire kuɗin talla kamar yadda ake cire na fulawa da mai, an samu riba. Abin mamaki, yawancin waɗanda suka zo daga baya ba tallar suka gani ba, a gidan biki suka ɗanɗana suka tambaya.

Ba zan ce muku mun yi kuɗi ba. Akwai watannin da kasuwa ke mutuwa, mu dakatar da tallar gaba ɗaya. Amma faranti yana nan rataye a madafa, yarinyar kuma tana sakandare, idan ta dawo ita ke karanta wa uwarta saƙonni ta rubuta oda a littafi. Naira 10,000 ɗin Yaya kuwa na sha kai mata, tana cewa in riƙe, kuɗin makarantata ne.

Don haka ɗan'uwa, kafin ka latsa wurin biya, tambayi kanka: wa nake so ya gani, a ina yake, me nake so ya yi? Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya raya mana marayu, amin.