Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya wa Kazar Gidanmu

Mutum uku ne suke bina bashin godiya, kuma dukkansu a kan kaza guda. Akwai Goggo, dattijuwar da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata a nan Funtuwa. Akwai malamin dabbobi na garinmu. Sai yaron kafintan bakin layi. Kazar ta 'yata ce, kakarta ta ba ta tun tana sagara, kamar yadda ake yi wa yara don su fara sanin riƙon dukiya. Da kuɗin ƙwanta yarinyar take sayen littafin rubutu da fensir, don haka a gidanmu ba ƙaramar aba ba ce.

Kazar ta gama kwancin kwana 21, ta ƙyanƙyashe 'yan tsakinta ke nan, sai muzuru ya shigo da dare ta wata kafa a gindin akurki. Kaza mai 'ya'ya ba ta gudu, tsayawa take yi ta buɗe fuka-fuki. Kafin maigida ya fito da tocila, muzurun ya yage mata fatar baya tun daga gindin wuya har ƙasan fiffike. Muka same ta kwance, ido a rufe, baki a buɗe, zankonta ya yi fari. Maigida ya ce a kawo wuƙa, kuma da gaskiyarsa, domin aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta abin da naman daji ya kashe, sai in an riske shi da rai an yanka. Kowa na gudun kaza ta zama mushe a hannunsa.

Kukan yarinyar ne ya taso Goggo daga barci. Ta yi sallama, ta shigo da mayafi a kafaɗa, ta ce wa maigida, "Dakata, ɗan nan, wuƙa ba za ta gudu ba. Bari in duba tukuna."

Goggo, ban manta yadda kika ɗauke ta ba. Ba ki kama ƙafa ko fiffike ba, tsohon zane kika shimfiɗa, kika naɗe ta a hankali ba tare da matsa ƙirjinta ba. Kika riƙa hura gashinta kina bin fatar da hasken tocila, kika taɓa jakar abincin da ke gindin wuyanta, kika lalubi cikinta, kika kara kunne kusa da ciwon ko za ki ji iska na fita. Daga nan kika sa yatsa a tafin ƙafarta, ta damƙe. Sai kika ce, "'Yar nan, fata ce ta yage, ciki bai fashe ba. In ta kai asuba, da yardar Allah za ta tashi. In kuwa na ga tana wahala, ni da kaina zan ce a yanka." Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na yarda da ke, don na gane ba tausayi kaɗai kike aiki da shi ba, har da sani.

Kin sa na tafasa ruwa na zuba gishiri, ƙaramin cokali biyu a lita guda, muka bar shi ya huce. Kin yanke gashin da ke gefen ciwon da almakashi, kin hana a fige, kin wanke ƙasa da jinin da ya daskare, kin shafa zuma. Ruwan sukari kuma ɗigo-ɗigo kika riƙa sa mata a gefen baki, kina jira ta haɗiye da kanta. Kika ce ɗura wa kaza ruwa shi ke kashe ta, don ƙofar numfashinta tana nan bayan harshe. Sannan muka kifa mata kwando a lungun kicin inda ɗumin murhu bai gama fita ba, muka rufe da buhu. 'Yan tsakin kika zuba a kwali da kwalbar ruwan ɗumi naɗe a tsumma, kika ajiye su dab da kwandon don uwar ta riƙa jin kukansu, kada ta manta da su. Ba ki koma gida ba sai da aka yi kiran sallar asuba.

Malamin dabbobi ya iso da hantsi a kan babur. Abin da ya fara yi shi ne yaba aikin Goggo a gabanta, kuma na ji daɗin haka, don ba kowane mai ilimin boko ba ne yake girmama sanin tsofaffi. Sai ya nuna mana abin da duhu ya ɓoye: wasu ƙananan huji biyu a cinya, inda haƙoran muzurun suka shiga. Ya ce, "Hajiya, waɗannan sun fi babban ciwon haɗari." Bakin kyanwa yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da kan kashe tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, hujin kuma yakan rufe ta sama ya bar cutar a ciki. Ya yi mata allura daidai nauyinta, ya ce kada a ci namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika.

Malam, na gode da haƙurin da ka yi kana yi mini bayani, ba ka raina tambayata ko ɗaya ba. A bakinka na ji cewa zafin jikin kaza yana kaiwa digiri 41, shi ya sa in ta zubar da jini sanyi yake saurin kayar da ita. Kai ka faɗa mini tana da jakunkunan iska guda 9 a jikinta, kuma da motsin ƙirji take numfashi, wato abin da Goggo ta kiyaye ke nan da ta ƙi matse ta. Ka ja kunnena a kan ƙuda, ka ce cikin yini guda ƙwansu yake zama tsutsa. Ka hana baƙin man inji da wasu ke shafa wa ciwon dabba, ka ce a yi amfani da shuɗin maganin ciwo na kemis, saboda kaji suna saran duk abin da suka gani ja, ko da a jikin 'yar uwarsu ne. Kuɗin magani kawai ka karɓa, kuma kai ka riƙa bugo waya kana tambayar jikinta.

Da farko ta ƙi cin komai. Goggo ce ta aiki jikanta shuri ya ɗebo gara, aka haɗa mata da jiƙaƙƙen gero da dafaffen ƙwai. Ranar da kazar ta sari gara ta ajiye, ta yi irin kiran nan da take yi wa 'ya'yanta, yarinyata ta ruga ta faɗa wa Goggo ko takalmi babu. Ciwon ya yi ɓawo, ya riƙa tsukewa daga gefe, sabon gashi ya fara tsirowa. Har yanzu tana ɗan ɗingishi, amma tana tono, 'ya'yanta na biye da ita.

Yaron kafinta kuma, shi ya ɗaga akurkin a kan ƙafafu, ya zagaye shi da raga mai ƙananan ido, ya sa sakata, ya kuma yi rumfa inda 'yan tsaki za su fake in shirwa ko shaho ya gilma. Ya ce kuɗin katako da raga ya ishe shi. Allah Ya sa albarka a sana'arka, ɗana.

Malamin ya ce kafin hunturu ya shigo za mu ɗiga wa kajin layinmu rigakafin cutar Niyukasil a ido, irin wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato take yi, wadda ke aiki tun 1924. Kwalba guda tana isar kaji da yawa, kuma Goggo ta ɗauki nauyin tara matan layi a haɗa kuɗi.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku. Yaba kyauta tukwici, kuma yarinyar ta riga ta zaɓi nata. In 'yan tsakin sun girma, sagara mai wake-wake ta Goggo ce, zakaran farko na Malam. Goggo, na san za ki ce a bar shi, amma yarinyar da kanta za ta kawo miki, don Allah kada ki mayar da ita da shi.