Ina Ruwan Ɗan Arlit da Jirgin Ruwa?

Sai da na haura shekara talatin kafin in ga teku da idona. Yaran da nake koyarwa a nan Arlit kuwa, yawancinsu ba su san ruwan da ya wuce wanda ƙorama ke gangarowa da shi daga duwatsun Abzin ba, shi ma sai an yi sa'ar damina. Shi ya sa duk sanda darasin labarin ƙasa ya kai kan tekuna da tashoshin jiragen ruwa, a gurguje nake ratsa shi. In ce, "Nijar ba ta da gaɓar teku," su maimaita sau uku, mu wuce. Shekara da shekaru haka nake yi, ban taɓa ganin laifina ba.

Jim kaɗan bayan komawa makaranta a Oktoban 2023, mahaifin wani ɗalibina ya same ni a bakin aji. Direban babbar mota ne, dattijo, mutum mai kunya. Bayan mun gaisa ya ce, "Mushe, a yi haƙuri da yaron nan, kayan karatunsa ba su cika ba. Motata ta fi wata biyu a tsaye."

Na ce, "Alhaji, ai ban ji an rufe kamfani ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Kamfani na nan, Mushe. Hanyar jirgi ce ta toshe."

A tsaye a nan ya karantar da ni darasin da ni ya kamata in karantar. Garin yuraniyom ɗin nan mai launin rawaya, cikin durom-durom ake loda shi, a bi ta Agadas, Tawa, Doso, a haye gadar Gaya zuwa Malanbil, a gangara Paraku har Kwatano, tafiyar kilomita wajen 2,000. Daga can jirgin ruwa ya kai shi Faransa. In za su dawo kuma ba wayam suke dawowa ba, sukan ɗauko farar wuta da sauran sinadaran da ake narkar da dutsen da su, waɗanda su ma jirgi ne ya sauke su. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sinadarai suka yanke, aikin sarrafawa a Somaïr ya tsaya cik, motarsa ta tsaya, littattafan ɗansa suka tsaya.

Na daɗe ina juya maganar nan, har ta kai ni Imuraren. Duk wanda ya zauna yankin nan ya san burin da aka ɗora wa wurin. Tun 1966 aka gano ma'adinin. A watan Mayun 2009 Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashin aikin, ana maganar tan 5,000 a shekara. Farashi ya faɗi bayan haɗarin Fukushima na 2011, aka jingine aikin a 2014, samarin da suka ci buri suka watse. A Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin daga hannun Orano. Muna ta muhawara a majalisar shayi kan wa ya kamata ya mallaki ramin, kuma muhawara ce mai kyau. Amma ko wa ya mallake shi, durom ɗin farko da zai fito sai ya nemi tasha, ya nemi jirgi. Wannan ɓangaren ba na jin ana tayar da shi.

Tun daga ranar na shiga bibiyar labarin jiragen ruwa a rediyo da intanet, har maiɗakina na yi mini tsiya wai ɗan hamada ya zama sarkin ruwa. Abin da na fara lura da shi, sojoji ma matsalarsu ɗaya da ta Alhaji. Lokacin da sojojin Faransa kimanin 1,500 suka fice daga Nijar a ƙarshen 2023, hanyar Kwatano a rufe take, sai ayarin motocinsu ya keta zuwa Njamena, manyan kaya kuma aka nufi tashar Duwala ta Kamaru da su. Jirgin sama na ɗaukar mutum, amma nauyin rundunar soja, a ƙarshe kan ruwa yake komawa.

Maƙwabciyarmu Nijeriya ta san haka tun 1990, da jirginta Ambe ya yi jigilar dakarun ECOMOG zuwa Laberiya. Shi da ɗan'uwansa Ofiom suka tsufa, aka ajiye su, aka shafe shekaru ba a maye gurbinsu ba. Sai a 2022 sabo ya iso Legas, mai tsawon mita 100, wanda kamfanin Damen ya ƙera a Sharja, aka raɗa masa suna Kada. (Yarana sun ji daɗin sunan nan, su da ba su taɓa ganin kada ba.) Bai daɗe da zuwa ba ya kwashi sojoji da motocinsu zuwa Gini Bisau. Kada a ce sakacin namu ne mu kaɗai: a Satumban 2019 Amurka ta yi wa jiragenta na dakon kayan soja gwajin ba-zata, ta tarar waɗanda ke shirye su tashi ba su kai rabin ayarin ba, da yawansu sun haura shekara 40. Jirgin dako ba ya harbi, ba ya ƙawata fareti, saboda haka in an zo rabon kasafin kuɗi shi ake ce wa ya jira baɗi.

Ƙananan jirage masu gudu sun fi shi farin jini. Ba su kai shi tsada ba, ana saye da yawa a lokaci guda, kuma suna kyau a hoto. A shirin Deep Blue da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Yunin 2021, na dala miliyan 195, akwai irinsu 17. Ba raina su nake ba, don mu ma masu hamada mun ga ranarsu. A Afrilun 2015, cikin kwale-kwale masu inji ƴan Boko Haram suka auka wa tsibirin Karamga a Tafkin Chadi, muka rasa sojoji sama da 40. Wanda ba shi da ƙaramin jirgi a wannan tafki, ba shi da ƙafa. A Gaya ma, da aka gitta wa gada shinge, kwale-kwale ne suka riƙa haye da mutane da kayansu, har da ɗalibai da marasa lafiya.

Damuwata ita ce abin da ke biyo bayan sayen. Mu malamai mun san wannan tsari ciki da bai. A gina aji, a shafa fenti, manya su zo su yanka ƙyalle, a watse. Bayan wata shida ba alli, benci ya karye ba mai gyara, don kuɗin gyara ba ya cikin lissafin farko. Injin jirgi ma haka yake: yana son mai, yana son kayan gyara daga ƙasar da ta ƙera shi, yana son makanikin da aka horar kuma ake biya a kan kari. Yanzu in na ji an ce an sayo jirage kaza, tambayar da ke fara zo mini ita ce nawa ne za su tashi bayan shekara biyar, kuma ɗan wa aka tura ya koyi gyaransu. Da iyaye za su riƙa yin irin wannan tambaya a taron makaranta ma, da mun rage asara.

Na sauya yadda nake koyar da darasin. Nakan kawo zare biyu, ja da baƙi. Yaro ya liƙa ja daga Arlit zuwa Kwatano, wani ya liƙa baƙi ta Yamai da Burkina Faso zuwa Lome, hanyar da aka koma bi cikin ayari da rakiyar sojoji. Sai mu auna da taƙi, su ga da idonsu wanne ya fi tsawo, mu lissafa man da za a ƙona, daga nan su faɗa mini da kansu dalilin da shinkafa ta yi tsada a kasuwa.

Alhaji ya samu wata motar a layin Lome. Yakan yi makonni ba a gan shi ba. Kwanaki ya turo wa ɗansa hoto ta WhatsApp, yana tsaye a tasha, bayansa wani jirgin kwantena ya tokare sama. Yaron ya roƙi wayar mahaifiyarsa ya kawo aji. Rabin ajin suka rantse bene ne aka gina a bakin ruwa, har aka kaɗa ƙararrawar tashi ba su yarda yana motsi ba.